Salmanu da Faɗan Safe

Duk wanda ya taɓa aiki a depon nan zai rantse maka cewa Salmanu da Habiba ba sa ga maciji. Kullum safiya, da an buɗe ɗakin rarraba kaya, sai Habiba ta gyara ɗaurin ɗankwali ta hau shi da masifa, shi kuma ya tsaya gaban teburinta, kai a sunkuye, hannu ɗaya cikin aljihu, kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Da Hausa take faɗan, kuma su biyu ne kaɗai Hausawa a wurin. Sauran ma'aikata, masu Larabci da Faransanci, sai dai su yi dariya su ci gaba da aikinsu. Wasu suka ce ya taɓa neman aurenta ya fasa. Wasu suka ce a'a, ita ce ta nema. Babu wanda ya canka daidai.

Depon na wani kamfanin kai saƙo ne a tsakiyar N'Djamena. Habiba ce ke ware kaya unguwa-unguwa, Salmanu kuma yana cikin masu jaka, wato masu ɗaukar saƙon a babur su kai wa masu shi. Unguwannin Abena da Boutalbagar ne rabonsa. Matsayinsa a wurin kamfani jurnaliye, ma'aikacin yini. Ka zo, a rubuta maka yini. Ba ka zo ba, ko gawa ce a gidanku, babu. Ba hutu, ba asibiti, ba fansho. Babur naka, mai naka, in taya ta fashe a tsakiyar caɓi kai da Ubangijinka. Yana saurayi ya shiga aikin, a kan keke, aka ce masa baɗi za a mai da shi na dindindin. Ga shi furfura ta cinye gemu, baɗin ba ta iso ba.

Da ma jiran baɗi kamar gadon gidansu ne. Kakansa ya taso daga Katagum a ƙafa zai tafi Makka, ya iso bakin kogin Shari matarsa ta haihu, ya ce to, sai baɗi a ƙarasa. A nan aka binne shi. Uban Salmanu ya kama fawa, 'yan'uwansa duk suka bi wuƙa, shi kaɗai ne ƙarnin jini ke tayar wa da zuciya. Ya ɗan yi boko, ya iya karanta Faransanci, ya rataya jaka. Har gobe in ya bi ta rumfar wansa Abdulgani a kasuwar nama, sai mahauta su ɗaga murya, "Ga Musyo nan, a ba shi hanya, kada jini ya taɓa masa takalmi!" Shi kuwa ya yi murmushi ya wuce. Yana son aikinsa, wannan gaskiya ce. Yana son yadda fuskar mutum ke buɗewa in ya ji an ce saƙonsa ya iso.

Amma jaka ba ta da mai ita na har abada. A jikin katangar depo, ƙarƙashin wata darbejiya, akwai dogon benci. Samari da magidanta ne ke cika shi tun da sassafe, kowa da baburinsa a gefe, suna jira. Wanda ya fi kusa da ƙofa shi ne na gaba. In mai jaka ya yi fashin yini ɗaya, a ba na kan benci aro. In ya haura kwana uku, jaka ta zama ta na benci, ba ƙara ba shari'a. Su ma 'yan bencin da tasu dokar: in ban da salla da bayan gida, wanda ya tashi ya tafi wata hidima, kafin ya dawo an matsa, sai ya koma wutsiya. Kullum Salmanu sai ya wuce ta gabansu ya yi musu sallama, su amsa da ladabi, suna duban tafiyarsa ko akwai ɗingishi.

Abin ya fara masa kamar hayaƙin murhu a gefen ido. Ya ce ƙura ce. Ya wanke, ya sa kwalli, ya sa maganin ɗigawa. Hayaƙin ya ƙi tafiya, sai ma ya matso tsakiya. Ranar wata Lahadi ya saci jiki ya je wani asibitin ido, likita ya haska masa fitila ya ce yanar ido ce, a duka biyun. Aikin ba wuya, in ji likita, amma bayansa sai ya yi makonni bai hau babur ba, ba ƙura, ba rana. Abdulgani ya ce ko nawa ne shi zai ɗauki nauyi. Salmanu ya gode masa. Ba nauyin aikin ne ya hana shi barci ba, makonnin ne. Makonni, ga kuma benci.

A garin nan gidaje ba su cika samun lamba ba. Abin da ke jikin saƙo shi ne suna, da unguwa, da lambar waya. Mai jaka ya isa unguwa ya kira, a kwatanta masa ko a fito a tare shi. Wanda ba ya ganin lambar waya kuwa, aikin ya ƙare masa.

Habiba ce ta gano. Wata safiya ta ga ya riƙe wani kwali kusa da hanci, leɓensa na motsi kamar mai karatu.

"Yaya Salmanu," ta ce a hankali, "a kife ka riƙe shi."

Ya buɗe baki zai yi ƙarya, ya rasa ta yi. Ita ma jurnaliye ce. Mijinta ya tafi haƙar zinariya arewa, shekaru ke nan ba labari, teburin nan ne ke ciyar da 'ya'yanta. Kalma ɗaya za ta kai wa shef, wato shugaban depon, ta wanke kanta. Maimakon haka sai ta karɓi kwalin ta karanta masa lambar a raɗe.

Raɗa ba ta yi kwana biyu ba aka fara juyowa ana kallonsu. Sai Habiba ta yi wani tunani wanda har yau in Salmanu ya tuna sai ya girgiza kai. Ta ce mutane kunne suke kasawa in an yi ƙasa da murya, amma in mace ta ɗaga murya tana faɗa, kowa kau da kai yake yi. Daga ranar aka fara faɗan safe.

"Tsoho da kai ba ka jin kunya! Wannan na gidan surukanka ne, shida, shida, uku, Allah ya shirye ka, bakwai, huɗu, kullum sai ka ɓata mini rai, ɗaya, tara..."

Gidan surukai shi ne Abena, don can matarsa Safara'u ta fito. Boutalbagar kuwa gida kawai take cewa, tunda can yake zaune. Ba ta ambatar sunan kowa, kada a tsinta. Shi kuma hannun nan da ke aljihu yana kan tsohuwar wayarsa mai maɓallai, mai ɗan ƙurji a kan biyar. Babban yatsansa ya haddace ta kamar carbi. Tana faɗa yana dannawa, in lamba ta cika ya danna kira ya katse tun kafin ta shiga, sai ta zauna cikin jerin kira. Ta wurgo masa kwalin, ya jera a jaka. Na sama a jaka shi ne na sama a waya. In ya isa unguwa ya kira ya ce, "Mai saƙo ne, da wa nake magana?" Mai kaya da kansa zai faɗi sunansa, da kansa zai duba kwalinsa.

Sharaɗi ɗaya Salmanu ya kafa mata tun farko. Ɗaya-ɗaya za ta riƙa faɗar lambobin, kada ta kuskura ta haɗa su biyu-biyu yadda kowa ke yi a gari. Daga ɗaya zuwa goma Hausa tamu ce, ba mai tsinta. Amma daga ashirin zuwa tis'in, bakin Bahaushe da na Balarabe ɗaya ne. In ta ce sittin ko arba'in a ɗakin nan, ko mai shara sai ya gane.

"Na ji, Yaya," ta ce. "Ni yarinya ce?"

Sun ci damina guda da rani guda a haka. Karatu ya samu, saura hanya, ita kuwa ba mai karanta masa ita. Yakan bi gefe-gefe a hankali, ya sa ido a kan rigar wani ɗan klando mai haske, wato ɗan acaɓa, ya bi bayansa. Ramukan titi jikinsa ya san su. Sai dai damina ba ta barin rami a inda ka san shi. Da ruwan bana ya sauka, Boutalbagar ta koma tafki, Abena ta koma kunu, hasken rana kuma in ya bugi ruwa ya dawo cikin idonsa sai duniya ta zama fari fat. Kullum da addu'a yake fita, da ciwon wuya yake dawowa.

A cikin wannan damina aka kawo sabon shef, Abbas. Matashi ne, marar yawan magana, kuma shi ma daga bencin nan ya taso. Tsohon shef in an fara faɗa rufe ƙofarsa yake yi. Abbas kuwa sai ya fito da kofin shayi ya jingina da bango yana saurare. Ba ya jin Hausa, Salmanu ya tabbatar da wannan. Amma tsayuwar tasa kaɗai ta isa ta sa gumi ya jiƙa masa wayar a aljihu.

Wata la'asar, a wani lungu na Abena, ya afka wa kurar wani mai sayar da ruwa. Bai gan ta ba sam, sai ƙara kawai ya ji. Jarkoki suka tarwatse, fitilar babur ta fashe, ƙaurinsa ya saɓule. Mai ruwa ya zage shi tas, ya tambaye shi ko makaho ne. Salmanu ya ba shi haƙuri, ya taya shi tattara jarkoki da lalube.

Bayan magariba Safara'u ta zaunar da shi a tsakar gida tana gasa masa ƙafar da ruwan zafi.

"Baban Ni'ima, yau jarkoki ne," ta ce. "Gobe fa? In ɗan mutane ne?"

"Ki bari shekara ta ƙare. An ce za a duba tsofaffin ma'aikata. In na zama na dindindin ina da hutun jinya, sai in je a yi aikin, jakata na jirana."

"Wa ya ce?"

"An dai ce."

Ta matse tsumman da ƙarfi har ya cije leɓe. "Baɗi ke nan," ta ce.

Washegari ya ɗaure ƙafar, ya saki wando a kai, ya wuce gaban benci yana taka ta kamar lafiyarta ƙalau. Abbas ya tsaya kan baburin yana duban fitilar. "Shayib, me ya sami wannan?" Haka yake kiransa, wato tsoho. Salmanu ya ce yara ne suka jefe ta da dutse. Abbas ya gyaɗa kai kawai, bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba.

Ba a yi mako ba zazzaɓi ya kama Habiba. Sauron damina bai bar gida ko ɗaya ba. Ta zo aiki duk da haka, don teburinta ma yana da masu jiransa. Ranar kuma kaya sun yi yawa, mota biyu ta sauke, ruwa na haɗowa ta gabas, Abbas yana ta cewa a yi sauri a fita kafin ya sauko. Da Salmanu ya matso teburin ya ji hucin jikinta kamar na tukunya. Muryarta ta dushe, faɗan ma ba ya fita da kyau.

"Ki bari," ya ce ƙasa-ƙasa. "Yau zan san yadda zan yi."

"Ka san me? Riƙe nan. Na gida ne. Tara, tara, biyar, marar kirki kawai, biyu..."

Kwali ɗaya ya wuce, biyu, uku. Abbas ya baro bango ya zo ya tsaya dab da kafaɗarta da kofinsa. Ta ɗauko wani ƙunshi, ta kai shi kusa da ido don kanta na juyawa, ta fara. Kuma a nan gajiya ta yi mata abin da tsoro bai taɓa yi mata ba. Ta karanta shi yadda aka rubuta, yadda ta saba karanta kowace lamba tun tana yarinya.

"Na gidan surukanka, sittin da shida, arba'in da uku, tamanin da..."

Yatsan Salmanu ya tsaya cak. Ita ma ta ji abin da bakinta ya yi, ta haɗiye sauran.

"Sittin," in ji Abbas, a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Arba'in. Tamanin." Ya ajiye kofi, ya zare ƙunshin daga hannunta, ya duba rubutun da ke jiki. Ya daɗe yana dubawa. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin iskar hadari tana kaɗa kwanon rufi.

Ya miƙo wa Salmanu ƙunshin. "Agri, Shayib." Karanta, ke nan.

Salmanu ya yi ta maza. Ai ya ji farkon lambar da kunnensa. Ya ɗaga ƙunshin ya faɗi sittin da shida, arba'in da uku, da Larabci mai kyau, ya yi tari ya tsaya kamar wani abu ya shaƙe shi. Abbas ya dube shi. Ya janye wannan, ya ɗauko wani kwali daga tsibi ya riƙe masa a gaban fuska.

Fari-fari kawai Salmanu yake gani, da wani duhu-duhu a tsakiya wanda zai iya zama rubutu. Yawancin lambobin garin da sittin da wani abu suke farawa. Ya ce bari ya jefa, ko Allah zai sa ya dace.

"Sittin da shida..."

"Shayib," in ji Abbas, muryarsa ta yi ƙasa sosai, "babu rubutu a wannan gefen."

Kunya ta rufe Salmanu tun daga kai har ƙafa. Ba korar ce ta fara zo masa a rai ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne yaran da ya koya wa ɗaure kaya a babur suna tsaye suna kallonsa yana karanta kwali marar rubutu.

A ofishinsa Abbas ya rufe ƙofa, ya bar su a tsaye. Habiba ta dafa bango don kada ta faɗi.

"Tun yaushe?"

Abbas ya tsare Salmanu da ido.

"Ka san abin da kake yi kuwa? Kana hawa babur a garin nan ba ka gani. Ka take mutum, wa za a tambaya? Ni. Ni za a ce na ba makaho jaka." Ya juya kan Habiba. "Ke kuma kin tsaya a gabana kullum kina raina mini hankali da yarenku. Dole in kai ku sama, ku biyun."

"Ni na tilasta mata," in ji Salmanu.

Abbas ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi. "Wannan matar? Ba a haifi mai tilasta mata ba."

"Shef, tana da yara, ba uba a gida. Ni ne mai laifi. Idona kuma yana gyaruwa, likita ya ce makonni kaɗan ne. Ka riƙe mini jakar. Tun kana goye nake ɗaukarta."

Abbas ya dubi taga, inda ake hango kawunan 'yan benci sun takure saboda iska. "Na zauna a can," ya ce. "Na san yadda mutum ke ji in an tsallake shi. In na riƙe maka, gobe da safe suna ofishin manya, jibi ni ma ina waje. Ba ni na kafa dokar ba." Ya shafa fuska. "Abu ɗaya zan iya. Ka fita yanzu, ka ajiye jakar da hannunka a gaban kowa, ka ce ka gaji. In ka yi haka, ban ji sittin ba, ban ji arba'in ba. Ita ta koma teburinta. Amma kada in sake jin wannan yaren a ɗakin kaya."

"Yaya, kada ka..." Habiba ta fara da Hausa.

"Ki yi shiru, ƙanwata," ya ce. "Yau dai ki bar ni in yi magana."

Ya fita. Ya cire jakar daga kafaɗa, inda igiyarta ta daɗe da yi masa kanta, ya ajiye ta a bakin ƙofa. Ya ce da Larabci ya gaji, ya gode wa kowa, a yafe masa. Yunusu, wanda ke kan gaba a benci, wani magidanci mai 'ya'ya ƙanana, ya miƙe ya ɗauka, bai iya ɗaga ido ya dube shi ba. Salmanu bai ji haushinsa ba. Ya kama baburinsa zai hau, sai ya ga ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Hanyar da ya yi shekara yana bi a makance, yau da ba abin da zai kare, ta ba shi tsoro. Haka ya tura babur har Boutalbagar, ruwan sama na dukansa.

An yi masa aikin idon. Ranar da aka cire masa bandeji, abin da ya fara gani shi ne furfura a goshin Safara'u, wadda bai san ta fito ba. Ya ga tsagar da ke bangon ɗakinsu, ya ga 'yarsu Ni'imatu ta zama budurwa a bayan hayaƙi. Ya yi kuka, likita ya ce ya daina, ba kyau ga ɗinkin. Abdulgani ya ce ya zo rumfa ya riƙa karɓar ciniki, ba sai ya taɓa wuƙa ba. Ya je yini ɗaya, ƙarnin ya koro shi.

Da likita ya sallame shi, sai ya wanke babur, ya sa sabuwar fitila, ya tafi depo. Ya yi sallama ya zauna a wutsiyar benci, kusa da wani yaro sa'an 'yarsa. Daga nan yana iya karanta sunan da ke jikin kwali tun daga bakin ƙofa. Ido garau, ba jaka.

Depon ya yi shiru. Masu jaka suka ce tun da aka daina faɗan safe shayi ma ba ya daɗi. Habiba sai dai ta ɗaga masa hannu daga nesa. Ya lura ta rame, abin da da can ba zai gani ba. Sanyi ya shigo ya wuce, wasu 'yan benci suka gaji suka koma klando, wasu suka samu, Salmanu yana matsawa kaɗan-kaɗan har wata safiya ya tsinci kansa a kan gaba, dab da ƙofa.

A makon ne wani mai jaka ya kwanta ciwo. Salmanu ya karɓi aron jakarsa yini guda, washegari ɗan'uwan mutumin ya zo ya ce mai jakar yana hanya, a jira shi zuwa hantsi. Hantsi ya yi bai zo ba. Salmanu na zaune, sai ya kama zuciyarsa tana fatan kada mutumin ya samu sauƙi da wuri. Ya yi istigfari, fatan ya sake dawowa. Ashe abin da ke cikin idon 'yan benci ke nan duk shekarun da suke duban tafiyarsa. Ya ji ƙyamar kansa, amma bai tashi ba.

Sai ga Habiba ta fito bakin ƙofa da buhun da babu komai ciki, wai za ta kakkaɓe. Ta kakkaɓe shi a saitin fuskarsa, ta riƙe ƙugu, ta ɗaga murya yadda ba a ji ta ba tun damina.

"Kai dai ba ka da zuciya, tsoho da kai ka zauna kana jiran ciwon wani! Mai kantin magani ne a gidan surukanka, yana neman mai babur mai amana, na wata ba na yini ba. Ya ce ba ya son tsoho, na ce ya gan ka tukuna. Kafin azahar zai ɗauki wani, ban yi maka alkawarin komai ba. Shida, uku, marar kunya kawai, takwas, ɗaya..."

'Yan benci suka fashe da dariya, ga faɗa ya dawo. Salmanu bai san lokacin da hannunsa ya shiga aljihu ba. Yatsan ya nemi ƙurjin biyar, ya kama aiki shi kaɗai. Ɗaya-ɗaya take faɗa, ba ta haɗa ko guda ba.

Ya ɗaga kai ya ga Abbas a taga da kofin shayi. Wannan karon yana ganin fuskarsa sarai, kuma ya ga shef ɗin ya san abin da ake yi. Salmanu ya ji wa Habiba tsoro. Suka dubi juna. Abbas ya kurɓi shayinsa, ya dubi inda Habiba take tsaye, ƙafarta a wajen ɗakin kaya ba a ciki ba, sannan ya ja labule.

Habiba ta gama, ta yi tsaki, ta koma ciki. Saura shi. In ya zauna, mai yiwuwa jibi jaka ta zama tasa, ta mutumin da ke kwance. In ya tashi, watannin da ya yi yana matsowa sun tafi, kuma mai kantin ya riga ya ce ba ya son tsoho. Rana tana hawa. Ya tuna shekara guda ya yi yana ratsa garin nan ba da idonsa ba, da muryar matar nan, kuma ko sau ɗaya ba ta aika shi ƙofar da ba ita ba.

Ya miƙe. Bai kai ga baburinsa ba ya ji bencin ya yi ƙara a bayansa, an matsa. Bai waiwaya ba. Ya ciro wayar, ya duba lambar da idonsa, ga ta nan cif, baƙi a kan haske. Ya danna kira, wannan karon bai katse ba.